Ƙaura daga rumbu zuwa rumbu: abin da muhawarar masu gina Python ta nuna mini

Wata uku ke nan muna jayayya a kan abu guda a cikin ƙaramin aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa yake iya ganin rubutunta ya gyara, da nake ba da gudummawa a cikinsa duk lokacin da na samu sarari. Tarihin aikin gaba ɗaya, tun daga layin farko da aka rubuta, yana ajiye ne a cikin Subversion, a kan wata saba, wato kwamfutar ajiya da ake kaiwa gare ta ta intanet, da dattijon da ya kafa aikin yake biyan kuɗin hayarta daga aljihunsa. Matasan da suka shigo a baya-bayan nan suna so a kwashe komai a koma Git, shi kuwa dattijon, da wasu mutum biyu da suka daɗe tare da shi, suna ganin babu dalilin da zai sa a kware rufin ɗakin da bai taɓa yoyo ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma na daɗe a tsakiya ina saurare, har na lura cewa muna maimaita maganganu iri ɗaya ne cikin kalmomi daban-daban. Da na ga maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai na koma na karanta yadda masu gina Python, harshen rubuta manhaja, suka yi da tasu, domin su sau uku suka yi irin wannan ƙaura cikin shekara goma sha biyu, kuma sun bar hujjojinsu a rubuce a cikin takardun shawara da suke kira PEP, waɗanda kowa yake iya karantawa.

Ga wanda bai saba da wannan fage ba, abin da ake jayayya a kansa shi ne tsarin da ke adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa rubutun manhaja. Idan mutum ɗari suna gyara fayiloli iri ɗaya daga ƙasashe daban-daban, dole a sami abin da zai riƙe bayanin wanda ya canza wane layi, da ranar da ya canza shi, da dalilinsa, ya kuma haɗa gyaran wannan da na wancan ba tare da wani ya goge aikin wani ba. Tsofaffin tsare-tsare irin su CVS da Subversion rumbu ɗaya suke da shi a tsakiya, kuma duk wanda zai ajiye gyara sai ya isa wannan rumbu ta intanet, sannan sai an riga an ba shi izinin rubutu a cikinsa. Git da Mercurial da Bazaar kuwa suna bai wa kowa cikakken kwafin tarihin a kan kwamfutarsa, ya yi aikinsa, ya ajiye gyare-gyarensa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe reshe don gwada wani abu, sai lokacin da ya shirya ya tura wa sauran jama'a.

Wannan bambanci na san shi a jikina, ba a takarda kawai ba. Sau da yawa nakan gama gyara da daddare, sabis ya ɗauke, ko data ta ƙare, in zauna da aikin da ba ni da ikon ajiye shi a tarihi, ba ni kuma da ikon duba abin da wani ya yi a kan wannan fayil shekara biyu da suka wuce, saboda tarihin yana can a kan sabar da ba zan iya kaiwa gare ta ba. Wanda yake zaune inda intanet ba ya yankewa zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, amma a wurina shi ne ke tantance ko zan yi aiki a daren ko ba zan yi ba. Saboda haka zuciyata tun farko tana tare da masu son ƙaura, kuma ya kamata mai karatu ya san da haka kafin ya auna sauran maganata.

Git da Mercurial duka 'ya'yan rikici ɗaya ne. Daga shekarar 2002 masu gina ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin Linux mai sarrafa kwamfuta, sun yi amfani da BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy, wadda ba buɗaɗɗiya ba ce amma aka ba su damar amfani da ita kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Mutane irin su Richard Stallman sun yi ta gargaɗi a kan haɗarin da ke cikin haka. A watan Afrilun 2005 kamfanin ya janye wannan dama, bayan saɓanin da ya taso a kan ƙoƙarin da Andrew Tridgell ya yi na gano yadda manhajar take magana da sabarta. A cikin wannan wata Linus Torvalds ya fara rubuta Git, kuma a cikinsa aka sanar da Mercurial. Na kawo wannan labari ne domin zai sake dawowa a gaba da wata fuska.

Python ya bar CVS ya koma Subversion a 2005, kuma wannan ƙaura ba ta jawo wata babbar ƙura ba, tun da Subversion an gina shi ne musamman don ya gaji CVS ya gyara kurakuransa. Ƙurar ta tashi ne bayan 'yan shekaru, lokacin da aka fara tambayar wanne za a ɗauka a cikin sababbin tsare-tsaren guda uku. An rubuta PEP 374, inda aka ɗauko ayyukan yau da kullum na mai gina Python, kamar gyara ƙaramin kuskure, ko mayar da gyara zuwa tsohon reshe, ko duba faci, wato fayil mai ɗauke da gyaran da wani ya aiko, aka nuna yadda ake yin kowanne a Bazaar da Mercurial da Git. A ƙarshen watan Maris na 2009 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya yanke hukunci cewa Mercurial za a koma. Hujjojin da aka bayar suna da nauyi a zamaninsu. Ra'ayin da aka ji daga manyan masu aikin ya nuna cewa Git, duk da yawan masoyansa, yana da masu ƙinsa ƙwarai a cikinsu. Git bai zauna sosai a kan Windows ba a wancan lokaci, alhali Python yana da ɗimbin masu amfani da shi a can. Sannan Mercurial da harshen Python aka rubuta shi, kuma umarninsa sun fi kusa da abin da hannun mai amfani da Subversion ya saba.

Na karanta waɗannan hujjoji fiye da sau ɗaya ina neman inda suka yi kuskure, ban samu ba. Da ina cikinsu a 2009, da Mercurial zan zaɓa. Ko a yau, wanda ya yi aiki da su biyun ba tare da son rai ba zai shaida cewa Mercurial ya fi sauƙin koyo, kuma ya fi wuya mutum ya ɓata tarihinsa da kuskuren umarni ɗaya. Kamfanin Facebook ya ɗauke shi don katafaren rumbunsa, Mozilla ta gina Firefox a kansa shekaru masu yawa, haka ma masu gina OpenJDK, buɗaɗɗen ginin harshen Java. Don haka duk wanda ya ce Python ya bar Mercurial ne domin ba shi da inganci, bai bi labarin ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tazarar da ke tsakanin hukunci da aiwatarwa. An yanke shawara a Maris na 2009, amma ba a kammala ƙaurar ba sai Maris na 2011. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka riƙe aikin abu ne da ido ba ya gani: alamar ƙarshen layi. Windows yana rufe kowane layin rubutu da alama biyu, Linux da danginsa kuwa da alama ɗaya. Subversion yana daidaita wannan da kansa idan an saita shi, ta yadda wanda ke kan Windows da wanda ke kan Linux za su gyara fayil ɗaya ba tare da tsarin ya ɗauka cewa an canza kowane layi ba. Sai da aka rubuta wa Mercurial wani ƙari na musamman da zai yi wannan aiki yadda masu Windows za su gamsu. Akwai kuma batun lambobi. A Subversion kowane gyara yana da lamba mai bin ta gabanta, kuma dubban saƙonnin imel da rahotannin kurakurai na shekaru sun ambaci waɗannan lambobi. Idan aka ƙaura ba tare da an tanadi hanyar da za ta kai mai karatu daga tsohuwar lamba zuwa sabuwar shaidar da Mercurial yake bai wa kowane gyara ba, duk waɗannan maganganu sun zama kamar kwatancen gida a garin da aka canza sunayen unguwanninsa. Dole ta sa suka rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa yin wannan fassara. Duk wannan wahala 'yan sa-kai ne suka ɗauke ta, mutanen da suke da iyali da aikin albashi, kuma kowace sa'a da suka kashe a kan ƙaura sa'a ce da ba su kashe a kan gyaran harshen kansa ba.

Wannan shi ne abu na farko da na kai wa matasanmu, kuma ba su ji daɗinsa ba. Mai cewa a ƙaura yakan ga sabon gida ne kawai, ba ya lissafa wanda zai ɗaure kaya, da wanda zai ɗauka, da abin da zai fashe a hanya. A aikinmu na san mutumin da wannan nauyi zai faɗo a kansa, kuma ba ya cikin masu ɗaga murya.

Bayan duk wannan wahala, shekara uku kacal aka yi kafin maganar ta sake tashi. GitHub, dandalin intanet na ajiye rumbunan Git wanda aka buɗe a 2008, ya riga ya zama inda jama'a suke. Hanyar ba da gudummawa ga Python a lokacin kuwa ta kasance mai tsawo: mutum ya yi gyaransa, ya fitar da shi a matsayin fayil ɗin faci, ya ɗora shi a shafin rahoton kurakurai, ya jira. Idan ɗaya daga cikin masu izinin shigar da gyara ya sami lokaci, sai ya sauke facin a kan kwamfutarsa, ya gwada ko har yanzu yana zama daidai a kan rubutun da ya riga ya ci gaba, ya gudanar da gwaje-gwaje, ya shigar da shi a reshe ɗaya, ya haɗa shi zuwa wani reshen, sannan ya tura. Gyaran harafi ɗaya a cikin takardun bayani ma sai ya bi wannan doguwar hanya. Faci ya yi ta taruwa, wasu suka shekara ba a duba su ba, waɗanda suka aiko su kuma suka gaji suka tafi. An kawo shawarwari masu karo da juna. Nick Coghlan ya nemi a kafa nasu dandalin da buɗaɗɗiyar manhajar Kallithea, Donald Stufft ya nemi a koma Git da GitHub a PEP 481, Barry Warsaw kuma ya nemi Git amma a kan GitLab, wani dandali mai kama da GitHub, a PEP 507, domin GitLab yana da sigar da take buɗaɗɗiya. Ranar 1 ga Janairun 2016 Brett Cannon, wanda aka ɗora wa alhakin yanke hukunci, ya sanar da GitHub. Dalilansa ba su da ado: babu wani babban bambancin aiki tsakanin GitHub da GitLab, masu aikin ciki da na waje sun fi sanin GitHub, kuma Guido shi ya fi so. Aka rubuta PEP 512 a matsayin jadawalin ƙaura, aka kammala a watan Fabrairun 2017.

Idan aka jera hukuncin 2009 kusa da na 2016, za a ga tambayar ce ta canza. A 2009 an tambayi wane kayan aiki ne ya fi dacewa da hannun waɗanda suke ciki. A 2016 an tambayi wace ƙofa ce waɗanda suke waje suka riga suka san yadda ake shiga ta cikinta. Ɗan kasuwa yana iya samun rumfa mai kyau, mai inuwa, mai ƙofar ƙarfe, amma idan kasuwa ta tashi ta koma wani fili, kyawun rumfar ba zai kawo masa mai saye ba. A binciken da Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya yi a 2022, sama da kashi 90 cikin 100 na masu rubuta manhaja da suka amsa sun ce Git suke amfani da shi. Matashin da ya koyi sana'ar a yau, a Kano ne ko a Yamai ko a Legas, da Git ya buɗe ido. Idan ya ga kuskure a aikinmu yana so ya gyara, muka ce masa sai ya fara koyon Subversion, sannan ya aiko da faci ta imel, to galibi ba zai yi mana gardama ba, zai wuce ne kawai, kuma ba za mu taɓa sanin ya zo ba. Wannan asara ba ta bayyana a kowane lissafi, shi ya sa masu son zama suke ganin zaman ba ya cin komai.

Masu gina PyPy, wani sabon ginin harshen Python, sun fi kowa dagewa a kan Mercurial. Da Bitbucket, dandalin da rumbunsu yake a kai, ya daina ɗaukar rumbunan Mercurial a tsakiyar 2020, ba su koma Git ba, sai suka koma Heptapod, dandalin da ke ɗaukar Mercurial. A ƙarshen 2023 su ma suka koma Git da GitHub, kuma a bayaninsu sun nuna cewa mutane ba sa samun rahotannin kurakuransu idan sun bincika a intanet, cewa jama'a sun riga sun ɗauki GitHub a matsayin gidan buɗaɗɗiyar manhaja, su kuwa ba su kai girman da za su juya wannan ba. Na ji zafin wannan magana da na karanta ta, domin maganar mutanen da suka so abu ne, suka riƙe shi iya ƙarfinsu, sannan suka sake shi ba don ya gaza ba. OpenJDK ya koma a 2020, Mozilla kuma ta sanar da tata ƙaurar a ƙarshen 2023.

To me Python ya samu? Ya samu sauƙi na gaske: ana duba gyara layi bayan layi a shafi ɗaya, gwaje-gwaje suna gudana da kansu a kan kowane gyara kafin a shigar da shi, kuma an rubuta ƙananan manhajoji masu mayar da gyara zuwa tsofaffin rassa ba tare da mutum ya yi da hannu ba. Masu aiko da gyara sun ƙaru. Amma gyare-gyaren da ke jiran a duba su sun taru har suka haura 1,000, domin faɗaɗa ƙofa ba ya ƙara yawan masu karɓar baƙi. Wanda ya san rubutun sosai har zai iya cewa wannan gyara daidai ne, wancan zai karya wani abu a wani wuri, ba a samun sa ta hanyar canza tsari, shekaru ne suke gina shi. Dattijonmu ya faɗi wannan tun ranar farko da kalmominsa, cewa matsalarmu ba ƙarancin faci ba ce, ƙarancin idon da zai duba ne, kuma a wannan gaɓa tarihin Python ya ba shi gaskiya. Inda na saɓa masa shi ne, masu dubawa na gobe daga cikin masu aikowa na yau suke fitowa, kuma idan ba a bar su sun shigo ba, babu inda za a samo su.

Akwai wata hujja ta masu adawa da na fi ɗauka da muhimmanci fiye da duk sauran, ita ce wadda Barry Warsaw da ire-irensa suka tsaya a kanta. Git buɗaɗɗe ne, mallakar kowa. GitHub kuwa kamfani ne, manhajar da ke gudanar da shi a rufe take, kuma a 2018 Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 7.5. A muhawararmu, kamar a muhawarori da yawa, ana ambaton su biyun kamar abu ɗaya ne, kuma wannan gaurayawa ita ce ke hana a fahimci juna. Labarin BitKeeper ya nuna abin da ke faruwa idan aka ɗora aikin jama'a a kan alherin kamfani. Google ya rufe Google Code, nasa dandalin ajiye rumbuna, a 2016. Bitbucket ya share rumbunan Mercurial a 2020, kuma ba don ƙoƙarin masu adana tarihi irin su Software Heritage ba, da ayyuka masu yawa da masu su suka daina kula da su sun ɓace. A 2019 GitHub ya taƙaita wasu ayyukansa ga masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Waɗannan mutane ba su aikata komai ba, inda suke zaune ne ya jawo musu. Duk wanda yake rayuwa a ƙasar da ba ta da murya a inda ake yanke irin wannan hukunci bai kamata ya karanta wannan labari kamar na wasu can nesa ba.

Masu son ƙaura sukan amsa cewa babu abin tsoro, tun da kowa yana da cikakken kwafin tarihin a kwamfutarsa, idan dandali ya rufe sai a tura wani wuri. Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Abin da Git yake kwafa shi ne rubutun manhaja da tarihin gyare-gyarensa. Rahotannin kurakurai, da muhawarar da aka yi a kan kowane gyara, da dalilin da ya sa aka ƙi wata shawara shekara biyar da suka wuce, duk waɗannan ba sa cikin Git, suna cikin ma'ajiyar kamfanin ne. Sau da yawa kuma su ne suka fi daraja, domin rubutun yana nuna abin da aka yi, muhawarar ce ke nuna dalili. Masu gina Python sun san da haka, shi ya sa a 2017 rubutun kawai suka kai GitHub, suka bar rahotannin kurakurai a shafinsu na kansu, sai a 2022, bayan wata doguwar muhawarar da PEP 581 ta Mariatta Wijaya ta buɗe, suka kwashe su. Shekara biyar suka bari tsakanin matakin farko da na biyu. D. Richard Hipp, mai manhajar adana bayanai ta SQLite, ya bi wata hanya dabam: ya rubuta nasa tsarin mai suna Fossil, wanda yake ajiye rubutu da rahotannin kurakurai da shafukan bayani a cikin rumbu ɗaya, ta yadda mai kwafa zai kwashi komai tare.

SQLite da OpenBSD, tsarin sarrafa kwamfuta wanda har yanzu yake kan CVS, su ne misalan da dattijonmu yake kawowa, kuma misalai ne na gaskiya. Sai dai idan aka duba su da kyau, za a ga suna da abin da ba mu da shi. SQLite ƙaramin rukuni ne ke gina shi, kuma ba sa neman faci daga jama'a. OpenBSD yana da al'adarsa mai ƙarfi ta duba gyara ta imel, da suna da zai sa mutum ya yarda ya koyi hanyarsu domin ya shiga. Wanda yake da irin wannan matsayi yana iya zama inda yake, jama'a su same shi. Mu ba mu da shi. Mu muke neman mutane, ba su suke neman mu ba, kuma sabarmu ta dogara ne da aljihu da lafiyar mutum ɗaya, wanda nake yi wa fatan tsawon rai, amma bai kamata tarihin aikin shekaru ya rataya a wuyansa shi kaɗai ba. Na faɗa masa haka cikin ladabi, na ce masa, Malam, ko da ba za mu je GitHub ba, wannan kaɗai ya isa ya sa mu koma tsarin da kowannenmu zai riƙe cikakken kwafi. Gida biyu maganin gobara ne, mu kuwa ɗaya muke da shi.

Game da kwashe tarihi, ba na yarda da masu cewa a ɗauki rubutun yau kawai a fara sabon shafi. GCC, manhajar da ke juya rubutun manhaja zuwa abin da kwamfuta take gudanarwa, da ya koma Git a Janairun 2020, yana da gyare-gyare kusan 280,000 a Subversion, kuma Eric S. Raymond, wanda ya riga ya yi wa manhajar rubutu ta Emacs irin wannan aiki a 2014, sai da ya sake rubuta manhajarsa ta juya tarihi daga Python zuwa harshen Go domin ta iya ɗaukar wannan nauyi. Sun sha wannan wahala ne domin ranar da wani zai ci karo da layin da bai gane dalilinsa ba, ya bi sawunsa har zuwa wanda ya rubuta shi da bayanin da ya bari. Namu tarihin bai kai ko kusa da wannan ba, don haka ba mu da uzurin yin sakaci da shi. Akwai kuma haƙƙin mutane a ciki. A Subversion, facin da wani na waje ya aiko yakan shiga ne da sunan wanda ya shigar da shi, sunan mai aikin kuwa sai dai a ambace shi a cikin bayani. Git yana bambanta wanda ya rubuta da wanda ya shigar, don haka ƙaura dama ce ta mayar wa kowa da sunansa a kan aikinsa, idan an sami wanda zai zauna ya bi bayanan ɗaya bayan ɗaya.

Shawarar da na rubuta wa sauran a makon jiya ta raba tambayar gida biyu, kamar yadda nake ganin ya kamata a raba ta tun farko. A kan Git na ce mu koma, kuma ba ni da shakka. A kan inda za a ajiye rumbun na ce mu buɗe a GitHub domin a can masu zuwa suke, amma sabar Malam ta ci gaba da riƙe kwafin da zai riƙa sabuntawa da kansa, rahotannin kurakurai su zauna inda suke aƙalla shekara guda, kuma duk hukuncin da ya shafi alkiblar aikin a rubuta shi a fayil a cikin rumbun kansa, kada ya tsaya a shafin muhawara kawai. Na nemi kada a sa ranar ƙaura sai an gwada juya tarihin sau biyu an kwatanta sakamakon da na asali, sai an tanadi jadawalin da zai haɗa tsofaffin lambobi da sababbin shaidu, sai kuma an zauna da mutum ukun da suka daɗe an nuna musu aikin yau da kullum a Git har hannunsu ya faɗa, domin ƙaurar da za ta jawo baƙi ta kori masu gida ba ta da amfani a wurina.

Matasan sun ce shawarar ta yi jinkiri da yawa. Malam bai amsa ba sai bayan kwana huɗu, kuma bai ce ya yarda ba. Abin da ya aiko shi ne jerin sunayen duk waɗanda suka taɓa shigar da gyara tun farkon aikin, da tambayar wanda zai nemo adireshin imel na kowannensu domin a haɗa shi da sunansa a sabon tarihin. Na ce ni zan yi. Na kai rabin jerin, kuma akwai mutum biyu a ciki da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda nake neman iyalansu in tambaye su yadda suke so a rubuta sunayensu.